Yadda Ake Kula da Ciwon Baya Bayan Tsalle a Kan Taramfolin

A 'yan shekarun nan taramfolin, wato shimfiɗar nan da aka ɗaure da sifirin a jikin ƙarfe mai zagaye wadda ke cilla mutum sama idan ya yi tsalle a kanta, ta zama abin da ake gani a wuraren wasan yara na birnin Katsina, da wasu makarantun kuɗi, har ma da tsakar gidajen wasu masu hali. An fi yin cunkoso a kanta a ranakun salla, lokacin da yara ke tashi daga kallon hawa su wuce wuraren shaƙatawa da 'yan kuɗin barka da sallarsu. Washegari sai a ji yaro yana cewa ƙugunsa ya riƙe, ko kuma babban da ya hau don ya taya 'ya'yansa wasa ya kasa yin ruku'u a sallar asuba. Mafi yawan irin wannan ciwo na tsoka ne, kuma yana warkewa a gida, amma akwai kaɗan daga ciki da ke taɓa ƙashi ko laka, kuma duk kulawar ta rataya ne a kan iya bambance su tun kafin a kai hannu ga man zafi ko maganin kemis.

Yana da kyau a fara sanin abin da ke faruwa a jiki. Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33, biyar daga cikinsu suna ƙugu, kuma waɗannan biyar ɗin ne ke ɗauke da nauyin duk abin da ke sama da su. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani faifai mai taushi da ke aiki kamar gammo, yana rage ƙarfin dukan da ke zuwa daga ƙasa, sannan tsokoki da jijiyoyi suna riƙe da jerin ta kowane gefe. Duk lokacin da mai tsalle ya diro, ƙarfin da ke hawa ta ƙafafunsa zuwa ƙugu ya ninka nauyin jikinsa, kuma a cikin minti goma yana iya dirowa sau ɗaruruwa. Idan ya diro da gwiwa a sanƙame, ko baya a banƙare, ko ya faɗo a zaune jikinsa a karkace, tsokokin ƙugu kan ɗame da ƙarfi ba shiri, wasu zaruruwansu su ɗan yage, daga nan ciwon ya samo asali. George Nissen da Larry Griswold, waɗanda suka ƙera taramfolin ta zamani a Amurka cikin shekarun 1930, sun yi ta ne don horar da ƙwararrun 'yan wasan motsa jiki, kuma tun gasar Olamfik ta shekarar 2000 a birnin Sidni ta shiga cikin wasannin da ake fafatawa a gasar. Waɗancan suna hawa ne bayan dogon horo, mutum ɗaya a lokaci ɗaya, a gaban mai koyarwa, yayin da namu yaran ke hawa su shida ko bakwai babu wanda ya taɓa nuna musu yadda ake dirowa.

Mataki na farko: a sauka, a duba alamun haɗari

Da zarar mutum ya ji wani abu ya soke shi a baya, to ya daina tsalle nan take, ya sauka a hankali ta hanyar zama a bakin shimfiɗar, kada ya diro ƙasa. Yara kan ɓoye ciwo don kada a hana su wasan da aka biya wa kuɗi, saboda haka babban da ke wurin shi ne zai lura da wanda ya dafe ƙugu ko ya fara tafiya a karkace.

Daga nan sai a yi tambayoyin da suka fi kowane magani muhimmanci. Shin ya faɗo ne a kan wuyansa ko kansa, ko ya bugi ƙarfen gefe, ko ya faɗo daga sama zuwa ƙasa? Shin yana iya motsa yatsun ƙafarsa da na hannunsa, kuma yana jin taɓawa a ƙafafun biyu daidai wa daida? Idan an bi tsakiyar gadon bayansa da yatsa a hankali, akwai wani ƙashi guda da ke sa shi zabura? Idan wuya yana ciwo bayan faɗuwa, ko ƙafa ta sage, ko ta yi nauyi ta ƙi ɗaguwa, ko yana jin tsikari yana sauka har tafin ƙafa, to a ɗauka cewa ƙashin baya ko laka sun taɓu har sai likita ya tabbatar da akasin haka. A irin wannan hali kada a zaunar da shi, kada a ɗauke shi hannu da ƙafa, kuma kada a ɗora shi a kan babur ko a cusa shi a Keke Napep. Mutum ɗaya ya durƙusa ta wajen kansa ya riƙe kan da hannu biyu yadda ba zai juya ba, a nemi motar asibiti ko a kira lambar gaggawa ta ƙasa, 112, idan kuwa dole sai an kai shi da kai, a samo faffaɗan katako ko ƙyauren ƙofa, mutum uku ko huɗu su mirgina shi a kai gaba ɗaya, kai da gangar jiki da ƙafafu a layi guda. Sau da yawa ɗaukar gaggawa ta masu son taimako ita ce ke mai da tsagewar ƙashi ta zama shanyewar ƙafafu, kuma wannan asara ce da za a iya kauce mata da haƙurin minti biyar.

Akwai wasu alamun da ba sa bayyana nan take, sai bayan awanni ko kwana ɗaya, kuma su ma na asibiti ne a ranar da aka gan su: kasa yin fitsari ko kasa riƙe shi, kasa riƙe bayan gida, sagewar fatar da ke tsakanin cinyoyi da mazaunai, ciwon da ke sauka a ƙafafun biyu tare, da kuma jini a cikin fitsari bayan an bugu a kwiɓi, domin wannan na iya nuna ƙoda ta ji rauni. Kunya kan hana mutane faɗin irin waɗannan abubuwa, musamman 'yan mata da matan aure, don haka uwa ko yaya ita ce ta dace ta keɓe da yarinya ta tambaye ta kai tsaye. A Katsina ana iya zuwa sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Janar Amadi Rimi, mutanen Daura kuma su fara da babban asibitin garin, inda abin ya fi ƙarfi akan tura majiyyaci Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Yaro mai sikila yana buƙatar kulawa ta daban. Tsalle a cikin zafin rana ba tare da shan isasshen ruwa ba yana iya tayar masa da ciwon, kuma ciwon sikila yakan zauna a baya da ƙugu, saboda haka kada a ce masa gajiyar wasa ce kawai. A ba shi ruwa sosai, a guji sa masa ƙanƙara domin sanyi na ƙara tsananta nasa ciwon, a kai shi wurin da aka saba duba shi.

Mataki na biyu: kwana biyu ko uku na farko

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗancan alamu, kuma mutum yana iya tafiya ko da a hankali ne, to ana iya kula da shi a gida. A sami ƙanƙara, ko ruwan leda da ya daskare, wanda ba ya wuyar samu wajen masu sayar da kayan sanyi ko da babu wuta a unguwa, a naɗe a ƙaramin tawul ko tsumma mai tsabta, a ɗora a inda ke ciwo na tsawon minti 15 zuwa 20, a ɗauke, a sake bayan awa biyu ko uku. Kada a ɗora ƙanƙara tsirara a kan fata, domin tana ƙona ta. Bayan kwana biyu, ko tun kafin haka idan mutum ya ji sanyin yana ƙara ɗame masa tsoka, sai a koma gashi da ruwan ɗumi, wanda hannu zai iya jurewa, shi ma na minti 15 zuwa 20.

Wajen kwanciya, wanda ya kwanta rigingine ya sa matashi a ƙarƙashin gwiwoyinsa, wanda ya kwanta a gefe kuma ya ɗan lanƙwasa ƙafafu ya sa matashin a tsakanin gwiwoyi. Idan zai tashi, ya fara juyawa gefe, ya sauke ƙafafu, sannan ya tura jikinsa sama da hannu, maimakon ya yunƙura daga rigingine. Katifar da ta lotsa a tsakiya tana ƙara ciwon, don haka idan ita ce kawai a ɗaki, gara a shimfiɗa bargo mai kauri a kan tabarma na 'yan kwanaki.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure, domin an saba ganin cewa mai ciwon baya kwanciya ce maganinsa. Kwanciyar da ta wuce kwana ɗaya ko biyu tana sa tsokoki su ƙara sanƙarewa su yi rauni, warkewa kuma ta yi jinkiri. Abin da ya fi shi ne tun daga ranar farko mutum ya riƙa tashi kowace awa ɗaya ko biyu yana zagaya tsakar gida na minti biyar, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan gwargwadon yadda jiki ya yarda. Abin da zai bari na ɗan lokaci shi ne ɗaukar jarka ko bokitin ruwa, wanki ko shara a sunkuye, doguwar tafiya a kan babur a hanya mai gargada, da dogon zama a ƙasa ba jingina. Batun salla kuwa, addini ya riga ya yi sauƙi, wanda ruku'u da sujada ke tsananta wa ciwo ya yi a zaune a kan kujera har ya samu sauƙi.

Mataki na uku: magani, da abin da bai kamata a yi ba

Babban mutum mai lafiyar hanta yana iya shan farasitamol miligiram 500 zuwa 1,000 duk bayan awa shida, kada ya wuce miligiram 4,000 a yini da kwana. Ga ciwon tsokar baya ibufurofen yakan fi tasiri, miligiram 200 zuwa 400 har sau uku a rana, bayan an ci abinci, na 'yan kwanaki kawai. Amma mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mace mai juna biyu, da mai asmar da irin wannan magani ke tayar masa da ita, da mai hawan jinin da ke kan magani, kada su sha sai sun tambayi likita. Yara ana auna musu ne da nauyin jiki, farasitamol miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, kuma ba a ba wa ɗan ƙasa da shekara 16 asfirin. Ina jan hankali sosai game da haɗin da wasu masu kemis ke ƙullawa a leda babu suna, domin sau da yawa akan tarar da ibufurofen da dikulofenak a ƙulli ɗaya, alhali aikinsu ɗaya ne, haɗa su kuma yana cin ciki da ƙoda. Tiramol kuwa ba maganin da za a saya don targaɗen tsoka ba ne, kuma duk wanda ke zaune a Arewa ya ga yadda ya lalata matasan da da yawansu ciwon jiki ne ya fara kai su gare shi.

Shafa man zafi ko man kaɗanya da tausa mai sauƙi a kan tsokokin gefe babu laifi bayan kwana biyu, matuƙar ba a danna ƙashin tsakiya ba. Abin da nake roƙo a bari shi ne al'adar nan ta kwanciya rub da ciki a sa yaro ya hau ya taka baya, da kuma kai mai ciwo wurin mai ɗori ya ja shi ko ya murɗa shi har a ji ƙara. Masu ɗori suna da matsayinsu a cikin al'umma, amma hannu ba ya ganin tsagewar da ke cikin ƙashin baya, kuma laka tana nan kusa da wurin da ake murɗawa. Haka nan ɗamarar da wasu ke ɗaure ƙugu da ita dare da rana tana sa tsokoki su saba da zaman banza, idan an cire ta ciwon ya dawo.

Mataki na huɗu: motsa jiki don dawo da ƙarfin ƙugu

Daga kwana na uku ko na huɗu, idan zafin farko ya lafa, sai a fara atisaye a kan tabarma ko darduma, sau biyu a rana. Ƙa'idar ita ce ɗan jan da tsoka ke yi ba matsala ba ne, amma duk motsin da ya kawo suka mai kaifi, ko ya tura ciwo zuwa cinya da ƙafa, a bar shi.

A fara da kwanciya rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa. A ɗame ciki a manna ƙugu da tabarma, a ƙirga biyar ana numfashi, a saki, a maimaita sau goma. Sannan a kamo gwiwa ɗaya da hannu biyu a jawo ta zuwa ƙirji a hankali, a riƙe na daƙiƙa 20, a sauya ɗayar. Bayan haka a haɗe gwiwoyin a karkatar da su dama da hagu kaɗan-kaɗan, kafaɗu suna ƙasa. Daga nan a juya a durƙusa a kan hannu da gwiwa, a tura gadon baya sama a sunkuyar da kai, sannan a sake shi ya sauko a ɗago kai, sau goma ba tare da gaggawa ba.

Bayan mako guda, idan waɗannan sun zama masu sauƙi, sai a ƙara guda biyu masu gina ƙarfi, kuma su ne suka fi amfani ga mai niyyar komawa tsalle. Na farko, daga rigingine da gwiwoyi a lanƙwashe, a ɗaga mazaunai sama har cinya da ciki su yi layi ɗaya, a ƙirga biyar, a sauko a hankali. Na biyu, daga durƙuso a kan hannu da gwiwa, a miƙe hannun dama gaba da ƙafar hagu baya a lokaci guda, ba tare da ƙugu ya karkace ba, a ƙirga biyar, a sauya. Wannan na biyun yana koya wa tsokokin ciki da na baya su riƙe ƙashin a tsaye yayin da gaɓoɓi ke motsi, wanda shi ne ainihin abin da ake buƙata a lokacin dirowa. A haɗa da tafiya a ƙasa da safe ko bayan la'asar, daga minti goma har a kai rabin awa.

Yawancin ciwon tsokar baya yana yin sauƙi sosai cikin mako biyu, ya tafi cikin mako huɗu zuwa shida, kuma ba ya buƙatar hoton ƙashi. Idan mako biyu suka wuce babu wani sauyi, ko ciwon yana ƙaruwa, ko yana tashin mutum daga barci, ko akwai zazzaɓi da gumin dare da rama, to a je asibiti, domin wani lokaci tsallen tona wata cuta kawai ya yi, kamar tarin fukan da ke kama ƙashin baya. Likita na iya tura mutum sashen gashin ƙashi, inda za a tsara masa atisayen da ya dace da shi. Ga yara da matasa masu tasowa ma'aunin ya fi tsauri, domin ciwon baya mai daɗewa ba abu ne da aka saba gani a wurinsu ba. Yaron da ke jin ciwo a wuri guda a ƙasan ƙugu, wanda ke ƙaruwa idan ya banƙare baya, yana iya samun ƙaramar tsagewa a ƙashin ƙugu, galibi na biyar, wadda yawan tsalle da banƙarewa ke haifarwa. Irin wannan tana warkewa idan an gano ta da wuri aka dakatar da wasan na wasu watanni, amma idan aka ci gaba, ƙashin na iya zamewa daga mazauninsa.

Mataki na biyar: komawa kan taramfolin

Kada a koma sai mutum yana iya tafiyar rabin awa, yana cika ruku'u da sujada, yana kuma iya ƙananan tsalle goma a ƙasa, duk ba ciwo kuma ba da taimakon magani ba. Ranar farko ya fara da ɗumama jiki na minti biyar, musamman a lokacin hunturu da tsokoki ke a ɗame, sannan ya tsaya a tsakiyar shimfiɗar, ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, ya riƙa lilo a hankali ba tare da ƙafa ta rabu da shimfiɗa ba. Idan ya kwana lafiya, karo na gaba ya yi ƙananan tsalle na minti uku zuwa biyar, ciki a ɗame, ido a gaba, baya a miƙe. Kafin ya ƙara tsawon tsalle ya koyi tsayawa, wato ya lanƙwasa gwiwa da ƙugu daidai lokacin da ƙafa ta taɓa shimfiɗa, yadda cillawar za ta mutu nan take. Alkafura da faɗowa a zaune ko a kan baya a bar wa masu mai koyarwa. Mace mai juna biyu, da wadda ba ta daɗe da haihuwa ba, da tsofaffi masu raunin ƙashi, da wanda likita ya taɓa gaya wa faifan bayansa ya zame, su nemi wani motsa jikin daban.

Abin da ya fi kowane atisaye kare baya shi ne mutum ɗaya a kan shimfiɗa a lokaci ɗaya. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a bayanin da ta fitar a shekarar 2012, ta nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na raunukan taramfolin suna faruwa ne lokacin da fiye da mutum ɗaya ke tsalle tare, kuma mafi ƙanƙanta a cikinsu shi ya fi jin ciwo, domin yana dirowa ne a daidai lokacin da nauyin babba ya sa shimfiɗar ta taso da ƙarfi ta tare shi. Yaran da ba su kai shekara shida ba bai kamata su hau babbar taramfolin ba ko kaɗan. Na san cewa a ranar salla, da layi ya yi tsawo, mai wurin ya fi son ya zuba yara goma lokaci guda, amma uba ko uwa suna da ikon cewa nasu ɗan zai jira, ko kuma a haɗa shi da sa'anninsa kawai idan babu yadda za a yi.

Wanda ke da ita a gida ya kafa ta a ƙasa mai laushi kuma shimfiɗaɗɗiya, nesa da bango da bishiya da igiyar shanya, ya tabbatar ragar kewaye da soson da ke rufe sifirin suna nan daram. Ranar Katsina, musamman daga Maris zuwa Mayu, tana cin zaren shimfiɗar har ya yi rauni, ƙurar hunturu da ruwan damina kuma suna sa sifirin tsatsa, don haka a rufe ta idan ba a amfani da ita, a kuma bi sifirin ɗaya bayan ɗaya a ƙarshen kowane yanayi. Inda aka ga guda ya saki ko ya ɓalle, a hana hawa har sai an sauya shi, domin shimfiɗar da ta fi tauri a gefe guda tana cilla mutum a karkace.